Jingar Aikin Kwamfuta A Ƙetare: Yadda Amurka Ta Kai Aikinta Indiya

A cikin shekarar 1985 mutanen Bangalor, wani birni a kudancin Indiya, suka ga amalanken shanu ɗauke da ƙaton faranti na kama saƙon tauraron ɗan'adam, ana kai shi sabon ofishin kamfanin Texas Instruments na Amurka. Nufin kamfanin shi ne ya ɗauki injiniyoyin Indiya, su zauna a garinsu suna rubuta masa manhaja, watau jerin umarnin da na'ura mai ƙwaƙwalwa ke bi wajen yin aiki, sa'an nan a riƙa aika abin da suka rubuta zuwa Amurka ta tauraro.

In aka tambayi dalilin da ya sa kamfani zai tsallake ƙwararrun da ke ƙofar gidansa ya kai aiki wata nahiya, amsar da ke bakin kowa ita ce araha. Haƙiƙa akwai gaskiya a ciki, domin a shekarun 1990 albashin injiniya ɗaya a Amurka ya isa a biya injiniyoyi da dama a Bangalor. Sai dai arahar ta daɗe tana nan ba a ci moriyarta sosai ba. Kamfanin Tata Consultancy Services, wanda aka kafa a 1968, ya shafe shekaru yana ɗora injiniyoyinsa a jirgin sama su tafi can inda aikin yake, saboda babu hanyar da aikin zai zo musu gida. Haka kuma Narayana Murthy, wanda shi da abokansa shida suka kafa Infosys a 1981 da jarin rupi 10,000, ya sha ba da labarin cewa sai da suka yi kusan shekara suna jiran a ja musu layin tarho.

Manhaja kuwa kaya ce da ba ta da nauyi, ba ta ruɓewa, ba ta jiran jirgin ruwa. Abin da take bukata kawai shi ne waya. A 1991, bayan da kuɗin ajiyar Indiya na waje suka kusa ƙarewa, ministan kuɗi Manmohan Singh ya sassauta dokokin ciniki, aka karya darajar rupi, aka kuma kafa hukumar da ke samar wa masu fitar da manhaja hanyar sadarwa ta tauraro tare da rangwamen haraji. Daga nan ne arahar ta zama abin da baƙo zai iya saye.

A can Amurka ma tunanin 'yan kasuwa ya riga ya sauya. A 1989 kamfanin Kodak, mai yin fim ɗin ɗaukar hoto, ya miƙa wa IBM ragamar cibiyoyinsa na kwamfuta, abin da ya girgiza manajoji da yawa. Hujjar ita ce kowa ya tsaya a kan sana'arsa. Mai son gina gida ba ya ɗaukar magini aiki na har abada; jinga yake ba shi, in an gama kowa ya kama gabansa. Aikin kwamfuta ma haka yake zuwa: bana banki na bukatar hannu ɗari biyu don sauya tsarin ajiyar bayanansa, baɗi ashirin sun isa. Riƙe ɗari biyun da albashi da fansho da inshorar lafiya asara ce. Da zarar kamfani ya yarda ya ba wani jinga a cikin ƙasa, to ba da ita a ƙetare taki ɗaya ne kawai.

Abin da ya buɗe ƙofar gaba ɗaya shi ne matsalar shekara ta 2000. Tun zamanin da ma'ajiyar kwamfuta ke da tsada ƙwarai, masu rubuta manhaja sun saba rubuta shekara da lamba biyu, 75 a maimakon 1975. Da ƙarni ya zo ƙarshe sai aka shiga fargabar cewa na'urori za su ɗauki 00 a matsayin 1900, lissafin ruwan bashi da na fansho da na albashi ya rikice. Yawancin waɗannan tsoffin manhajoji da harshen COBOL aka rubuta su, harshen da aka ƙirƙira tun 1959, kuma samarin injiniyoyin Amurka sun riga sun koma wa sababbin harsuna. Gyaran ba ya bukatar hazaƙa ta musamman, amma yana bukatar idanu masu yawa da za su bi miliyoyin layuka ɗaya bayan ɗaya, ga shi kuma ranar ba ta ɗaguwa. Indiya na da dubban injiniyoyi masu jin Turanci. Bankuna da kamfanonin inshora da a da ba za su yarda baƙo ya leƙa littattafansu ba, sai ga shi tilas ta sa sun yarda. Aka yi aikin, shekara ta shiga lami lafiya, kuma Indiyawan suka fito sun san cikin manhajojin fiye da masu su. Ba mamaki da aka ci gaba da ba su wasu ayyukan.

Har ila yau akwai ribar lokaci. Indiya na gaba da birnin Niyok da kimanin sa'o'i goma, saboda haka matsalar da aka aika da yamma ana iya tarar da ita a gyare da safe.

To amma araha ba ta ado. Aikin da ya fi jure tafiya shi ne wanda za a iya bayyana shi filla-filla a rubuce. Wanda ke bukatar a zauna da mai shi ana tambaya ana gyarawa, nisa na cutar da shi, domin tambayar da za a amsa cikin minti biyar a ofis ɗaya takan kwana kafin amsarta ta dawo. Tun a 1975 Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a IBM, ya nuna cewa ƙara mutane a aikin da ya makara ƙara masa makara yake yi, saboda lokacin da ake ɓatawa wajen fahimtar juna. In an haɗa da bambancin ƙasa da al'ada, lissafin sai ya ƙara nauyi. A 2003 kamfanin Dell ya mayar da amsa kiran wasu manyan abokan cinikinsa daga Indiya zuwa Amurka bayan ƙorafe-ƙorafe. Akwai kuma hasarar da ba ta fitowa a littafin akanta: kamfanin da ya sallami injiniyoyinsa yakan wayi gari ba shi da wanda zai iya tantance ko aikin da aka kawo masa mai kyau ne. Su kuwa ma'aikatan da aka sallama, wasunsu sai da aka sa su koya wa magadansu aikin kafin su tafi.

Duk da haka harkar ba ta ja da baya ba. A 2022 ma'aikatan Tata Consultancy Services sun haura 600,000. Abin da ya sauya shi ne salon. Manyan kamfanoni da ke tsoron sakin sirrinsu ga ɗan kwangila sun koma buɗe cibiyoyin kansu a Indiya, su ɗauki injiniyoyin a matsayin ma'aikatansu. Microsoft ya buɗe tasa a Haidarabad a 1998, General Electric kuma ya buɗe babbar cibiyar bincike a 2000 a Bangalor, birnin da aka mayar wa suna Bengaluru a 2014.