Dutsen Agadas da ƴan'uwansa masu kewaya rana

Tun da aka yi gwanjon dutsen nan da ya faɗo daga sama a jihar Agadas a birnin New York cikin watan Yulin 2025, kan kuɗi sama da dala miliyan 5, hira ta sauya a Damargu. Daga Tarka zuwa Belbeji da Tanut, wanda ya yi tuntuɓe da baƙin dutse mai nauyi a daji sai ya ɗauka ya jinjina shi. Wannan ba laifi ba ne. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jita-jitar da ta biyo baya, wai sama cike take da duwatsu suna gwara kai, ko yau ko gobe wani ya rikito mana, kuma wai Turawa sun raba su, kowa ya sa wa nasa suna.

Dutsen Agadas daga duniyar Mars ya ɓallo. Amma galibin waɗanda ke faɗowa ɓarɓashin astaroyid ne, wato duwatsun da ke kewaya rana tsakanin Mars da Jupita. An san fiye da miliyan ɗaya, sai dai filin ya fi ƙarfin lissafin baki: tsakanin wani da wani akan sami kusan kilomita miliyan ɗaya, kuma ko an tara su duka ba su kai kashi 5 cikin 100 na nauyin wata ba. Kowanne yana da hanyarsa.

Sanin hanyar nan shi ne aikin, ba hangowa ba. Ranar 1 ga Janairun 1801 Giuseppe Piazzi ya hango na farko, Ceres, daga Palermo ta Italiya. Ya bi shi kwana arba'in da ɗoriya, sai ya ɓace cikin hasken rana. Makiyayin da raƙuminsa ya ɓace a dajin Tarka ba ya zaga duniya. Yakan durƙusa ya duba sawu: ina ya dosa, taku nawa ne tsakani, tafiya yake ko sassarfa, sannan ya ce gobe war haka yana rijiya kaza. Abin da wani matashi Bajamushe, Carl Friedrich Gauss, ya yi ke nan da alƙalami. Daga ƴan wuraren da aka ga dutsen ya fitar da dukan da'irarsa, ya ce a duba wuri kaza, kuma a Disambar shekarar aka same shi. Ceres na gama kewayensa cikin shekara 4 da wata 7.

Har yau ƙa'idar ba ta sauya ba. Sabon dutse lambar wucin gadi yake samu. Sai an bi shi shekaru, hanyarsa ta tabbata, zai sami lamba ta dindindin, sannan wanda ya gano shi ya ba da shawarar suna ga Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya. Ba a sayen suna da kuɗi, suna ba ya nufin mallaka, ɗan siyasa ko soja kuwa sai ya shekara 100 da rasuwa. Wanda aka gano a 1998, mai lamba 35462, sai a 2021 aka raɗa masa Maramkaire, don girmama Maram Kairé, masanin taurari ɗan Senegal da ya jagoranci tawagar ƙasarsa wajen auna irin waɗannan duwatsu tare da hukumar NASA.

Mu ma sunanmu yana cikin littattafan masana. Wani ɗan dutse mai giram 46, ƙarfe mai ɗauke da ƙwayoyin korayen duwatsu, da aka tsinta a 1999, Zinder ake kiransa, wato Damagaram, kuma irinsa ba su da yawa a duniya. Ɗalibai nawa ne a Damagaram suka taɓa jin labarinsa? Gwamnati ta buɗe bincike kan dutsen Agadas, ta dakatar da fitar da irinsa waje, kuma ta kyauta. Amma sai da aka ambaci dala aka farka. Ina son ranar da za a kai madubin hangen taurari ko da guda ɗaya ne makarantar sakandaren Belbeji, a koya wa yara auna hanyar dutse tun yana sama.