Gyaran Ƙofar Gida a Ƙasar Basirka

Hausawa kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Fuskar gida kuwa ita ce ƙofar zaure, inda ake tarbar baƙo, a ɗaura aure, a karɓi gaisuwar mutuwa. Wannan maƙala za ta duba yadda talaka ke gyara wannan wuri da kuɗi kaɗan a Basirka, cikin ƙaramar hukumar Gwaram ta Jihar Jigawa.

Abu na farko shi ne yaɓe. Akan jiƙa makuba, watau ɓawon 'ya'yan ɗorawa, a kwaɓa jar ƙasa da ruwanta, a shafe bango kafin damina ta faɗi. Makuba tana hana ruwa cin katanga. Siminti kuwa, ban da tsada, ba ya riƙe ginin ƙasa sosai. Da zarar laima ta shiga bayansa sai ya ɓamɓare.

Na biyu shi ne dakali. Ana ɗaukarsa wurin hira kawai, alhali shi ke tsare gindin bango daga zaizaya. Haka kuma indararo, in aka ba shi tsawo, yakan zubar da ruwan soro nesa da gini.

Na uku ita ce inuwa. Darbejiya tana saurin girma, tana jure fari, sai dai a dasa ta nesa da katanga saboda saiwarta.

Ashe ke nan abin da ke ƙawata ƙofar gidan Bahaushe shi ne kuma yake hana gidan rushewa.