RUWAN WANKA DA WANKI: INA ZA MU ZUBA SHI?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Cadakori, mu duba bayan darninmu. A gidaje da yawa, ruwan wanka yana fita ta wata ƴar kafa, ya kwanta bisa hanya. Ruwan wanki da na wanke-wanke su ma can suke zuwa. Mai gida yana cewa ruwa ya fita daga gidansa. Amma bai tafi ko'ina ba. Yana nan ƙofar maƙwabci.

Mine ne aibinsa?

Ruwan da ya kwanta yana tara sauro da ƙuda. Ƙuda su sauka bisa ƙazanta, su tashi su sauka bisa tuwo da fura. Yara suna wasa cikin taɓon, su ci abinci ba su wanke hannu ba. Da damana, ruwan sama yana kwasar ƙazantar ya kai ta rijiyar da ba ta da baki. Haka zawo yake shiga gari. Mu tuna da shekarar 2018. Cutar amai da zawo ta ɓarke a Madarumfa, cikin jaharmu ta Maradi, ta kashe mutane.

Dabaru ukku

Ta farko, ramin da ke shanye ruwa. A gina rami kusa da makewayi. Faɗinsa metir 1, zurfinsa kamar metir 1 da rabi. A cika shi da duwatsu ko fasassun bulo, manya a ƙasa, ƙanana a bisa. A sa ƴar hanya ta kai ruwan wanka ciki. A rufe bakinsa da kyau don kada yaro ko dabba su faɗa. Ƙasar jigawa tana shan ruwa da sauri. Inda laka take, kamar fadamar Gulbin Maradi wajen Gidan Rumji, ruwa ba ya saurin shigewa. Can sai a ƙara faɗin ramin.

Ta biyu, itace. A shuka zogale ko dogon yaro inda ruwan wanka yake malala. Saiwa ta sha ruwan, gida ya samu inuwa ko ganyen miya. Amma kada a ba salati da sauran abin da ake ci ɗanye wannan ruwa.

Ta ukku, watsawa. Uwargida ta tace ruwan wanke-wanke, ta cire guntun tuwo. Sannan ta watsa shi a fili cikin gida, rana ta busar da shi. Kada ta riƙa zubawa wuri guda kullum.

Kashi kuwa, wurinsa salanga. A yi ta nesa da rijiya, metir 30 ko fiye. Ruwan da aka wanke wa jariri kashi, cikin salanga za a zuba shi.

Wa ke sa ido?

Tun zaɓen 2004 Cadakori take da hukumarta ta komin. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ɗora wa komin kula da tsabtar gari. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun komin, aka naɗa kantomomi. Sauyin shugaba bai ɗauke wa komin wannan nauyi ba. Haka abin yake a Agye da Gazawa.

Idan ruwan wani ya dame ka, fara yi masa magana da lalama. In bai ji ba, je wurin mai gari. In abin ya gagara, a kai shi ma'aikatar komin. Wanda yake son shawara kamin ya gina rami, ya tambayi ma'aikatan lafiya a likita.

Manyan ayyuka fa?

Ramin gida ba ya buƙatar dogon bincike. Amma babban aiki kamar hanyar mota ko madatsar ruwa, hukuncinsa dabam ne. Dokar 14 ga watan Mayu 2018 ta ce sai an binciki abin da aikin zai yi wa ƙasa da ruwa da mutane kamin a fara shi. Akwai ma'aikata ta musamman a Yamai mai duba wannan bincike. Ana kuma jin ta bakin mutanen wurin.

Don haka, in aka kira taro a garinku, kada ku zamna gida. Maza da mata ku je. Ku tambaya: ina ƙazamin ruwan aikin nan zai tafi? Yaya nisansa da rijiyarmu? Ku da kuka koyi karatu, ku rubuta amsar da aka ba ku, ku aje takardar.

Ƴan makarantar yaƙi da jahilci, ku karanta wa maƙwabtanku wannan bayani. Ku fara gina ramin a gidajenku tun da rani, kamin ruwa ya sauka a koma gona.