Matsalar Rashin Sabunta Manhajar Wayoyin Hannu a Ƙasar Haɗeja

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne yin bayani a kan wata matsala da ta zama ruwan dare ga masu riƙe da manyan wayoyin hannu a garin Haɗeja da garuruwan da ke bakin fadamar kogin, watau tun daga Auyo har zuwa Kiri Kasamma da Guri. Mutum zai sayi waya da guminsa, ta yi masa aiki shekara biyu ko uku, sa'an nan wata rana manhajar banki ta ƙi buɗewa, ta ce sai an sabunta wayar. In ya taɓa wurin sabuntawa, sai wayar ta amsa masa da cewa babu wani sabon abu. Galibi a nan akan ɗora wa kamfanin layi laifi. Za mu nuna cewa kamfanin da ke ba mutum layi a Nijeriya ba shi da hannu sosai cikin wannan al'amari, kuma idan har akwai kamfanin layin da ya tare hanya, to sau da yawa yana can Amurka, mai wayar bai taɓa hulɗa da shi ba.

Tun farko ya kamata mu daidaita kalmomi. Babban tsarin da ke tafiyar da waya baki ɗaya, kamar Android na kamfanin Google ko iOS na kamfanin Apple, shi za mu kira uwar manhaja, domin a kansa sauran ƙananan manhajoji irin su WhatsApp suke zaune. Abin da masu gyaran waya ke kira afdet kuwa, shi za mu kira sabuntawa.

2.0 Hanyar da sabuntawa ke bi

Sabuntawar Android ba ta tasowa daga Google ta faɗo cikin waya kai tsaye. Google kan fitar da sabon tsari kusan kowace shekara, sai ya wuce hannun masu ƙera ƙwaƙwalwar waya, irin su MediaTek da Unisoc da Qualcomm, su daidaita shi da nasu kayan. Daga nan sai kamfanin da sunansa ke jikin wayar, alal misali Samsung ko Tecno, ya ɗora nasa gyare-gyaren. A ƙasashen da kamfanin layi ne da kansa ke sayar da waya, akwai mataki na huɗu: shi ma sai ya gwada, ya amince, sa'an nan ya saki sabuntawar ga mutanensa. Kowane mataki kuɗi yake ci, kuma duk wanda ya ga ba riba a cikin ci gaba da wahala a kan tsohuwar waya, sai ya tsaya. Da zarar ɗaya ya tsaya, sauran ba su da ta cewa.

Wannan dogon zango ya nuna illarsa a fili a 2015, lokacin da aka gano ɓarakar da aka sa wa suna Stagefright, wadda ta sa ana iya kutsawa cikin waya ta hanyar saƙon bidiyo. Google ya yi gyara, amma gyaran bai kai ga ɗimbin wayoyi ba. Daga wannan shekara ne aka fara fitar da gyaran tsaro wata-wata. Sa'an nan a 2017 da 2019 aka sake fasalin Android domin wasu sassa su riƙa sabuntuwa ba tare da jiran kowa ba. Wannan ya rage matsalar, bai kawar da ita ba. Wayar iPhone dai ba ta cikin wannan sarƙaƙiya, domin Apple da kansa yake aika sabuntawa, sai dai tsadarta ta sa ba ita ce wayar manomi ko masunci ba.

3.0 Yadda abin yake a wurinmu

Tun da aka fara wayar salula a Nijeriya a 2001, al'adar da ta kafu ita ce waya daban, layi daban. Mutum kan sayi wayarsa a kasuwa, ya sayi layin MTN ko Airtel ko Glo a wani wuri, sau da yawa ma layi biyu a waya guda. Saboda haka matakin nan na huɗu kusan babu shi a nan. Aikin kamfanin layi bai wuce na mai kwalekwale ba: ya haye da kaya, ba shi ya ɗaure su ba.

Wayoyin da ke isowa shagunan Haɗeja, yawancinsu ta kasuwar waya ta Fam Santa a Kano suke biyowa, kuma za a iya kasa su gida biyu. Kashi na farko su ne sababbi masu sauƙin kuɗi, musamman Itel da Tecno da Infinix, waɗanda duk na kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin, watau Transsion. Waɗannan daga kamfanin suke samun sabuntawa, kuma mafi arha daga cikinsu sukan ƙare rayuwarsu a kan uwar manhajar da suka fito da ita daga kwali. Ba abin mamaki ba ne, ribar da ke cikin waya mai arha ba ta isa ta ɗauki nauyin injiniyoyi na shekaru da yawa ba. Kwatanta wannan da manyan wayoyin Google na 2023 da na Samsung na 2024, waɗanda aka yi wa alkawarin sabuntawa har shekara 7. Tarayyar Turai kuma tun daga Yunin 2025 ta wajabta aƙalla shekara 5 ga wayoyin da za a sayar a ƙasashenta. Watau tsawon ran manhaja ya zama wani abu da ake saye da kuɗi, ko kuma doka ta ƙwato wa jama'a.

Kashi na biyu shi ne ya fi jan hankalinmu, su ne wayoyin da aka yi amfani da su a waje, waɗanda 'yan kasuwa ke kira Landan-yus ko da daga Amurka suka zo. Matashi kan gwammace tsohuwar Samsung mai kyakkyawar kyamara a kan sabuwar waya mai rauni, kuma ba za mu ce ya yi wauta ba. Amma da yawa daga cikin waɗannan wayoyi kamfanonin layi na Amurka ne suka fara sayar da su, kamar AT&T da Verizon da T-Mobile, kuma kowanne ya sa nasa tambarin a cikin uwar manhajar. Ana iya buɗe wayar ta karɓi layin Nijeriya, kira ya shiga, intanet ya yi aiki, amma in ta tashi neman sabuntawa, ƙofar wancan kamfani take ƙwanƙwasawa. Wayoyin AT&T musamman sun yi suna wajen ƙin sabuntuwa in ba layin kamfanin ne a cikinsu ba. Ga waya a hannun ɗan kasuwar kifi a Haɗeja tana jiran izni daga ofishin da bai san da zamansa ba. Shi kuwa mai wayar sai ya yi ta sauya layi, yana zaton sabis ne ba shi da ƙarfi.

Ana iya gane irin wannan waya tun kafin a biya kuɗi. A wayoyin Samsung na Amurka, lambar samfurin takan ƙare da harafin U in ta kamfanin layi ce, da U1 in ba ta kowa ba ce. Tsofaffin samfura kuwa sukan ƙare da A ko V ko T, gwargwadon kamfanin. Ƙwararren mai gyara na iya ɗora wa wayar U manhajar U1 ta kwamfuta, abin da ake kira fulashin. Sai dai aikin yakan share duk abin da ke cikin wayar, kuma a hannun wanda bai iya ba, waya kan mutu ɗungurungum.

Ko da sabuntawar ta samu, sai an sha wata wahalar. Babbar sabuntawa na iya haura gigabayit 1, ga kuɗin data ya tashi bayan da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Ana bukatar batir mai caji da wurin ajiya a cikin waya, ga wanda ke kai wayarsa shagon caji, kuma hotuna da saƙonnin murya sun cika ta. Da yawa sukan danna "sai an jima" har abada.

4.0 Abin da ke cikin hatsari

Wani zai ce in waya tana kira tana karɓa, mene ne abin damuwa? Amsar tana cikin irin rayuwar fadama. Ruwan da ke isowa Haɗeja daga kogunan Kano da Challawa yake fitowa, waɗanda madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 suke riƙe da su, kuma ambaliyar 2020 da ta 2022 ba su bar zukatan mutanen Jigawa ba. Hukumomin NiMet da NIHSA suna fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara, amma a ƙauye labarin hauhawar ruwa yakan yaɗu ne ta rediyo da kiran waya da saƙon murya na WhatsApp, wanda ba ya bukatar iya karatun boko. Shi kuwa WhatsApp tun Oktoban 2023 ya daina aiki a kan wayar da ba ta kai Android 5.0 ba. Wannan iyaka tana da sassauci, tunda tsarin na 2014 ne, amma gaba take matsawa, ba ta dawowa baya.

Manhajojin kuɗi sun fi tsanani, domin banki ba ya son ajiye dukiyar jama'a a kan tsarin da aka daina toshe wa ɓaraka. An ga muhimmancin wannan a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, sa'ad da cinikin shinkafa da kifi da riɗi ya koma ta tura kuɗi a waya. Wanda manhajarsa ta ƙi buɗewa, sai ya koma ga lambobin USSD ko mai POS.

A ganinmu nan ne ya kamata hukumomi su lura. Shirin rabon taki na gwamnatin tarayya da aka fara a 2012 da gajeren saƙo ya yi aiki, saboda haka ya isa ga mai ƙaramar waya mai madannai. Duk hukumar da za ta tsara gargaɗin ambaliya ko rajistar manoman rani a wannan yanki, in ta jingina shi a kan manhajar da sai sabuwar waya ke ɗauka, to ta cire mutanen Guri da Kiri Kasamma da dama tun kafin a fara. Gajeren saƙo da Hausa, da lambar USSD, da sanarwar rediyo, babu ɗaya cikinsu da ke tambayar wace uwar manhaja ce a cikin waya. Haka kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwar waya na Kano da Haɗeja za su iya ɗora wa mambobinsu sharaɗin rubuta lambar samfuri da ranar gyaran tsaro na ƙarshe a kan rasit, tunda duka biyun suna nan a rubuce cikin saitin wayoyin Android.