Kafin a Sauya Tsofaffin Na'urorin Gida, a San Wanda Ke Riƙe da Makullin

A watan Afrilun 2022, masu amfani da kayan kamfanin Insteon a Amurka suka wayi gari manhajar wayoyinsu ta daina jin maganar fitilun gidajensu. Makunnan suna nan a bango lafiya lau. Kamfanin ne ya kashe manyan kwamfutocinsa ba sallama, sai a watan Yuni wasu daga cikin abokan cinikin suka saye shi suka farfaɗo da shi. Ba a kansu aka fara ba. A 2016 kamfanin Nest ya rufe akwatin sarrafa na'urorin gida na Revolv da mutane suka saya dala 300, a 2019 kantin Lowe's ya binne tsarinsa na Iris, a 2020 kuma Wink ya ce wa jama'arsa ko su riƙa biyan dala 4.99 duk wata ko akwatin ya koma ado. Zanen aro ke nan, ba ya rufe katara. Don haka mai niyyar cire tsofaffin makunnai da na'urorin jin motsi ya koma wani tsarin sadarwa, abin da zai fara tambaya shi ne: in kamfanin ya mutu gobe, ko intanet ta yanke yau, fitilar za ta kama?

Da wannan ma'auni, wasu tsofaffin sun fi sababbin daraja. Z-Wave, wanda kamfanin Zensys na Denmark ya ƙirƙira, da Zigbee mai aiki a zangon gigahaz 2.4, duk a cikin gida suke gama zancensu. Kowace na'ura da ke jone da lantarki tana karɓar saƙo ta miƙa wa ta gaba, kamar yadda leburori ke miƙa bulo a wurin gini, har ya isa akwatin tsakiya. Kwan fitila mai arha na Wi-Fi kuwa, sau da yawa sai umarnin maigida ya tafi wata kwamfuta a wata nahiya kafin ya dawo falonsa. Wanda ya cire na farkon ya sa na biyun don kawai sabo ne, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago.

Za a ce ai Matter ya zo ya kashe wannan gardama, tunda Apple da Google da Amazon da Samsung duk sun sa hannu, kuma tun da ya fito a Oktoban 2022 an gina shi ne ya yi aiki a cikin gida. Gaskiya ne, kuma mai sayen sabon kaya yana da dalilin duba wannan tambari. Sai dai Matter harshe ne da na'urori ke magana da shi, hawa yake yi kan Wi-Fi ko waya ko Thread. Shi Thread ɗin tushensa ɗaya da Zigbee, wato ƙa'idar IEEE 802.15.4, ko da yake ba sa jin juna kai tsaye. Ana samun gada a tsakani: tun 2023 akwatin Philips Hue ke shigar da tsofaffin fitilunsa na Zigbee cikin Matter. Kenan sau da yawa akwati ɗaya ne ke buƙatar sauyi, makunnai talatin na bango su zauna inda suke. Ga kuma manhajar Home Assistant, kyauta tun 2013, wadda ke tara tsari biyu ko uku a ƙaramar kwamfuta guda.

Ƙorafin da ya fi nauyi a kan tsofaffin na'urori shi ne na tsaro, kuma ban ga yadda za a kauce masa ba. X10, wanda aka ƙirƙira a Sikotilan a 1975 yana aika saƙo ta wayoyin lantarki, ba ya ɓoye umarninsa ko kaɗan, Z-Wave ma sai a 2017 ya wajabta tsarin kariya na S2 a kan sababbin kaya. Amsar ita ce a bi da sauyin gwargwadon haɗari. Makullin ƙofa da ƙararrawar ɓarayi su fara tafiya. Makunnin fitilar baranda ya ci gaba da aikinsa har ya gaji.

A Kano ko Yamai akwai ƙarin abin lura. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne, namu ya haura 200, kuma Z-Wave ɗinsu yana magana a megahaz 908.42, cikin zangon da wayoyin GSM 900 ke amfani da shi a nan, alhali na Turai yana 868.42, ba a haɗa su a gida ɗaya su fahimci juna. Sannan sarƙar miƙa saƙon nan a kan wutar lantarki ta dogara. Da an ɗauke wuta masu miƙawar sun mutu, na'urori masu batir su rasa hanya, sai in akwatin tsakiya da 'yan soket kaɗan suna kan inbata.

Mai saye ya yi gwaji ɗaya kafin ya biya: a haɗa na'urar, a cire intanet daga rauta, a danna. In ba ta amsa ba, a bar wa mai kanti kayansa.