Tsoron Loma: Abin Da Ke Samun Mai Ƙidayar Kalori A Nguru Da Gashuwa

Duk wanda ya girma a Nguru ko Gashuwa ya sani ba a yi wa abinci wasa a wannan yanki. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984, sa'ad da gero ya ƙone a gona, shanu suka riƙa faɗuwa a bakin rijiya, har gobe in suka ga yaro ya bar tuwo a kwano sai ransu ya ɓaci. A wurinsu ƙiba alamar wadata ce, rama kuwa ita ce ake tambayar dalilinta. To, a cikin wannan ƙasa ce yau ake samun ma'aikatan ofis da malaman makaranta da 'yan kasuwa waɗanda likita ya umurce su da rage nauyi saboda hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon gwiwa. Waɗansunsu sukan sa manhajar ƙidayar kalori a wayarsu, su shiga rubuta duk abin da ya shiga bakinsu. Kafin mako biyu sai ka tarar mutum ya koma tsoron abincin gidansa.

Bari mu fara da ita kalorin. Ma'auni ce ta ƙarfin da jiki yake samu daga abinci, kamar yadda mudu yake ma'aunin hatsi. Wani masani na Amurka, Wilbur Atwater, shi ne ya daidaita lissafinta a ƙarshen ƙarni na 19: giram ɗaya na abinci mai gari ko mai gina jiki yana ba da kalori 4, giram ɗaya na mai kuwa 9. A 1918 wata likita mai suna Lulu Hunt Peters ta wallafa littafin da ya yayata ƙidayar a tsakanin masu son rage jiki. Bisa ga ƙiyasi, mace baliga tana bukatar wajen 2,000 a rana, namiji wajen 2,500, amma manomin shinkafa a fadamar Gashuwa da akawun da ke wuni a kan kujera ba bukatarsu ɗaya ba.

Alal misali, a ce ga wata malama mai tsawon mita 1.6 da nauyin kilo 80. In aka raba nauyin da tsawon, aka sake raba abin da ya fito da tsawon, za a sami 31 da ɗoriya. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa 25 zuwa sama a matsayin nauyin da ya wuce kima, 30 zuwa sama kuwa ƙiba ce mai bukatar kulawa. Watau maganar likita tana kan hanya. Malama ta koma gida da niyya mai kyau. Da dare aka kawo burabusko da miyar kuka, ta duba waya, ba ta sami lissafin da za ta dogara da shi ba, domin yawancin manhajojin nan an gina su ne a kan cimar Turawa wadda ke zuwa cikin kwali da lamba a jikinta. Dadin daɗawa a tire ɗaya ake ci da 'yan'uwa, wa zai iya auna rabonsa? Sai ta ɗauki loma uku ta tsame hannu. Surukarta ta dube ta, ta ce, "Ke 'yar nan, lafiya kuwa? Ko girkin ne bai yi miki ba?" Ta kwana da yunwa da kunya, washegari da la'asar ta kasa daurewa ta cinye ƙosai da fanke, sa'an nan ta zauna tana zargin kanta da rashin haƙuri.

Ba rashin haƙuri ba ne, kuma an daɗe da gane haka. A 1944 zuwa 1945 Ancel Keys ya yi wani gwaji a Jami'ar Minnesota da samari 36 lafiyayyu waɗanda suka ba da kansu. Har mako 24 aka riƙa ba su wajen rabin abin da suka saba ci. Suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, amma abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne halinsu. Ba su da zance sai na abinci, waɗansu suka shiga tara littattafan girke-girke, suka zama masu saurin fushi da damuwa, kuma da aka sake musu mara waɗansu suka riƙa ci ba ƙaƙƙautawa. Jikin ɗan Adam bai san bambancin fari da niyyar rage ƙiba ba. In an ƙuntata masa ƙwarai, sai ya cika zuciya da tunanin abinci. Saboda haka rabin fargabar mai ƙidaya yunwa ce kurum ta sake kama, kuma maganinta a ci. Abin da masana suka saba shawarta shi ne a rage wajen kalori 500 a rana, a nemi saukar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, ba a raba abinci biyu a zubar da rabi ba.

Sauran rabin fargabar daga ɗaukar lambar ne tamkar hukuncin alƙali. Ai ko a Amurka, inda ake buga lambar a jikin kwali, doka ta yi sassaucin kuskure har kashi 20 cikin 100. In masu injuna ba su cika daidai ba, ina dalilin da mai cin tuwon gero za ta hana idonta barci don kalori 50? Haka nan sikeli. Nauyin mutum yakan motsa da kilo ɗaya ko biyu a cikin yini saboda ruwa da gishiri da abin da ke ciki, balle ga mace a kwanakin al'ada. Wanda ke hawa sikeli safe da yamma ruwan jikinsa yake aunawa. Sau ɗaya a mako, da safe kafin karin kumallo, ya wadatar.

Ni a ganina, wanda ya fara wannan aiki ya yi mako guda yana rubutawa kawai ba tare da ya rage kome ba. Nan zai ga ba tuwo ne ɓarawon ba. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa yana da kalori wajen 120, kuma mun san yadda ake kwarara shi a kan shinkafa da wake. Giram 100 na karfasa ɗanya wajen 100 ne kacal, mai ne ke ninka ta in an soya. Ga kifi kuwa Allah ya hore a dausayin Haɗeja da Nguru, gasawa ko dafawa ba ta rage masa daɗi. Ƙaramin cokalin sukari 16 ne, sai mai karatu ya tuna ko nawa mai shayi ke zuba masa. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci, watau wajen ƙananan cokula 12 ga mai cin 2,000, alhali kwalbar lemo ɗaya takan ɗauke wajen 9. Wanda ya gyara mai da sukari da lemo ya yi mafi yawan aikin, bai kuwa ƙi girkin kowa ba. Tuwo kuma hannu ya isa ma'auni: malmala kamar dunƙulen hannunka, miyar ganye a wadace, kifi ko nama kamar tafin hannu. Wannan ana iya kiyaye shi ko a tire ɗaya da mutum biyar. Gidan biki kuwa a ci abin da aka kawo, a yi godiya, washegari a koma yadda aka saba ba tare da ramuwar yunwa ba.

Akwai gargaɗin da ya shafi wannan yanki musamman. An daɗe ana kokawa da yawan ciwon ƙoda a Gashuwa da kewayenta, ga zafin bazara da kan wuce digiri 40. Kada kowa ya rage shan ruwa don sikeli ya sauka, kada kuma a sayi shayin rage tumbi ko jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin sukari ko allurarsa, da mai juna biyu, da mai shayarwa, da yaron da bai gama girma ba, ƙidayarsu a hannun likita take.

In kuwa abin ya kai mutum yana gudun cin abinci cikin jama'a, ko yana sa kansa amai bayan ya ci, ko jiri na ɗibarsa, ko al'adar mace ta ɗauke, to, ya zama ciwo, kuma ciwo ne da ake magani. Sai a goge manhajar daga waya a nufi asibiti. Mutanen Nguru ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a garinsu, na Gashuwa kuma su fara da asibitin da ya fi kusa da su, su tafi da littafin da suke rubuta cimarsu a ciki domin likita ya duba.