Yadda A Ke Shirya Tafiya Zuwa Kwala Lumfur

Jama'a, tafiya mabuɗin ilmi ce. Yau akwai 'yan ƙasarmu da su ke karatu ko fatauci a Malesiya, iyayensu da 'yan'uwansu kuwa su kan so su kai musu ziyara, su ga gari. Mutum yana iya shirya wannan tafiya da kansa, ba sai ya danƙa wa dillali kuɗinsa ba. Amma sai wanda ya iya karatu, gama tafiyar duka a kan takarda ta ke.

Ina ne Kwala Lumfur?

Kwala Lumfur shi ne babban birnin Malesiya, can gabas da ƙasar Indiya. Ingila ta mulke su kamar yadda ta mulke mu. Sun sami mulkin kai a 1957, mu kuwa a 1960. Ma'anar sunan garin ita ce mahaɗar ruwa mai taɓo, don koguna biyu ne su ka haɗu a wurin, watau Kalang da Gombak. Masu haƙar kuza ne su ka kafa shi wajen 1857. Babu hunturu a can. Kullum da zafi da gumi, ruwan sama kuwa yana sauka a kowane wata.

Takardu huɗu

Ta fari ita ce fasfo. Ana neman sa a ofishin Hukumar Shige da Fice a Birnin Kebbi, sai da lambar katin ɗan ƙasa. Ku duba ranar ƙarewarsa. In abin da ya rage bai kai wata 6 ba, ba za a bar ku ku shiga ƙasar ba.

Ta biyu ita ce biza, watau izinin shiga. Malesiya tana da ofishin jakadanci a Abuja. Nan za ku tambayi ƙa'idodi da abin da a ke biya. Bizar ziyara ba ta ba mutum ikon yin aiki ba. Wanda ya wuce kwanakin da aka rubuta masa, ya jawo wa kansa tara ko ɗauri.

Ta uku ita ce katin allurar rigakafin shawara. A yi allurar aƙalla kwana 10 kafin tashi.

Ta huɗu ita ce tikitin jirgi na zuwa da dawowa, tare da takardar masaukin da za ku sauka.

Kowace takarda ku karanta sunanku harafi harafi. In fasfo ya ce Abubakar, tikiti ya ce Bubakar, an sami matsala. Kada ku dangwala yatsa a kan abin da ba ku karanta ba.

Kuɗin tafiya

Ku ɗauki littafi ku ja layi biyar: kuɗin takardu, kuɗin jirgi, kuɗin masauki, kuɗin abinci da mota, da kuɗin ko-ta-kwana. Na masauki ku riɓanya kuɗin dare guda da yawan kwanakin da za ku yi. Na ko-ta-kwana ba a taɓa shi don tsaraba. Kuɗinsu sunansa ringit, sen 100 ne ringit guda. Kafin wannan duka, ku bar wa iyali abincin da zai ishe su. Manomi kuwa ya sa tafiyarsa bayan ya kai shinkafa gida. Wanda zai sayar da gonarsa ta fadama don yawon buɗe ido, gara ya zauna.

Hanya

Daga Gwadangaji sai Kano ko Abuja. Daga can a kan canja jirgi a Adis Ababa ko Doha. Agogonsu ya riga namu da awa 7. In ƙarfe 12 na rana ta yi a Gwadangaji, ƙarfe 7 na yamma ke nan a can. Lokacin da aka rubuta a tikiti, lokacin garin da aka ambata ne. Filin jirgin yana bayan gari, akwai jirgin ƙasa mai kai mutum cikin birni a kamar rabin awa.

Babban gargaɗi

Kada ku karɓi saƙon kowa a rufe, ko da na sani ne, ko da ya ce zai biya muku kuɗin jirgi. Dokar Malesiya a kan fataucin miyagun ƙwayoyi tana da tsanani ƙwarai. A 2023 an ba alƙalai zaɓi tsakanin kisa da ɗauri mai tsawo, amma ba a soke hukuncin kisa ba. Abin da aka samu a jakarku, ku za a tambaya. Ku ɗaure kayanku da hannunku.

Abin gani a can

Akwai Masallacin Jamek, wanda aka buɗe a 1909 daidai mahaɗar kogunan nan biyu. Akwai Masallacin Ƙasa na 1965. Akwai tagwayen benaye na Petronas masu hawa 88, waɗanda su ka fi kowane gini tsawo a duniya daga 1998 zuwa 2004. Ku tsara wuri biyu a yini, kada gajiya ta kayar da ku.

Abinci ba zai ba Bakabe wahala ba, don su ma shinkafa su ke ci. Akwai wadda su ke dafawa da madarar kwakwa, sunanta nasi lemak. Musulmi sun fi yawa a ƙasar, amma akwai Sinawa da Indiyawa masu bin wasu addinai, don haka ku nemi alamar halal a ƙofar gidan abinci.

Ga wani abin mamaki. Mu nan gabas mu ke fuskanta in za mu yi salla. Su kuwa Makka tana yamma da su. A masaukai da yawa za ku ga kibiya a rufin ɗaki, ita ce ta ke nuna alƙibla. In aka yi muku alheri ku ce terima kasih, watau na gode. In kun rikice ku tambayi ma'aikaci mai kayan sarki, matambayi ba ya ɓata.

Tambayoyi

1. Waɗanne takardu huɗu ne matafiyi zai nema?
2. In ƙarfe 8 na safe ta yi a Argungu, ƙarfe nawa ne a Kwala Lumfur?
3. Don me ba a karɓar saƙo a rufe?
4. Ku rubuta cikakken sunanku a allo, kamar yadda ya ke a katinku na ɗan ƙasa.